Yadda Ake Ɗaukar Hoto Mai Kyau Idan Tafiya Ta Kawo Ka Sakkwato

Duk shekara ina saukar baƙi daga Kano da Zariya da Kaduna, wani lokaci har daga Maraɗi, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke yi. Su iso da hantsi, su ci abinci, su ɗan kishingiɗa, sai wajen ƙarfe ɗaya na rana su ce a kai su ƙofar fadar Sarkin Musulmi su ɗauki hoto. A tsaya a tsakar rana ana ƙanƙance ido, a danna. Da daddare idan an zauna duba abin da aka ɗauko, sai ka ga farar shadda ta ƙone fat, ko aikin wuyanta ba a gani, fuska ta yi duhu a ƙarƙashin hula, sama kuma ta yi fari kamar takarda. Sai mai waya ya ce, "Wayar nan tawa ba ta da kyamara." Alhali wayar ba ta da laifi ko kaɗan. Na sha ganin hoton ƙaramar Tecno ya fi na mai iPhone, don kawai mai Tecno ya san lokacin fita.

A garin nan abubuwa uku ne ke yanke wa hotonka hukunci: rana, ƙura, da yadda ka tunkari mutane. Ga yadda nake bi da su, mataki bayan mataki, ko da waya kake ɗauka ko da babbar kyamara.

Mataki na farko: shirin da ake yi tun a gida

Kwana ɗaya kafin ka taso, ka kwashe tsofaffin hotuna da bidiyoyin da suka cika wayar ka zuba a kwamfuta ko filas. Babu abin takaici kamar doki ya taso a guje, waya ta ce maka babu wuri. Mai kyamara ya zo da katin memori biyu matsakaita maimakon babba guda ɗaya, don idan ɗaya ya lalace ba a yi asarar tafiyar duka ba, kuma ya share katin a cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba.

Ka cika batir, ka riƙo na ajiya da fawa-banki. Idan ta jirgi za ka sauka a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, ka tuna ba a sa fawa-banki a akwatin da za a auna a kai cikin kaya, a jakar hannu ake riƙe shi. Sauran kayan ƙanana ne: ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ledar nan mai zif guda biyu ko uku, da 'yar robar hura iska ga mai kyamara.

Sannan ka shiga saitin kyamarar wayarka ka yi abu uku. Kunna layukan da ke raba allo gida tara. Zaɓi mafi girman ingancin hoto. Kashe abin nan mai gyara fuska da wayoyi da yawa suke zuwa da shi a kunne, wanda ke goge tsagar fuska da tamojin dattijo ya mai da shi kamar ɗan roba. Fuskar tsohon Bafulatani ko Bagobiri da zanenta ita ce hoton, idan waya ta shafe ta me ya rage?

Mataki na biyu: ka tsara yininka bisa tafiyar rana

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran nauyi. A Sakkwato rana na fitowa tsakanin wajen ƙarfe 6:15 da 7:00 na safe, ta faɗi tsakanin wajen 6:15 da 7:00 na yamma, gwargwadon lokacin shekara. Awa ɗaya da rabi bayan fitowarta, da kamar haka kafin faɗuwarta, su ne jarinka. A lokacin hasken yana zuwa ne daga gefe, yana da laushi da ɗan ja, yana fito da zanen jikin bangon ƙasa da ninkin rawani, inuwa kuma ta yi tsawo ta ba hoto zurfi. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 kuwa rana tana bisa ka, inuwar hula da ta gira na sauka kan idanu, babu saitin da zai gyara wannan gaba ɗaya.

Saboda haka ga yadda nake raba wa baƙona yini. Bayan sallar asuba mu fita wajen gari, gefen gulbin Rima ta hanyar Kwalkwalawa, inda masunta da manoman fadama suke fara aiki, ko mu nufi Kara mu tarar ana shigo da dabbobi. Da hantsi mu shiga cikin gari. Tsakar rana mu ba wa wuraren da ke da rufi, kamar gidan tarihi na Waziri Junaidu ko rumfunan kasuwa, inda haske ke shigowa ta ƙofa ya kwanta a hankali kan kaya. Bayan la'asar sai mu koma ƙofar fada da Masallacin Shehu da Masallacin Bello, a lokacin gine-ginen sun sha hasken yamma sun yi kyau.

Lokacin shekara ma yana da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, hazo kan rufe sama, abin da ke nesa ya dushe. Kada ka wahalar da kanka wajen ɗaukar faɗin gari a irin wannan rana, toka-toka kawai za ka samu. Amma hazon nan yana tace rana kamar an sa mata labule, don haka babu lokacin da ya fi shi daɗin ɗaukar fuskar mutum da abubuwan kusa. Da yamma kuma rana kan zama jan faifai da ake iya kallo, idan ka samu raƙumi ko giginya a gabanta, ka gama samun hoton tafiya. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi na haura digiri 40. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma sauran wayoyi ba su tsira ba: waya ta ɗau zafi, allo ya dusashe, kyamara ta ƙi buɗewa. Kada ka bar ta a gaban mota ko a kan kujerar da rana ke duka, kada ka yi caji kana ɗaukar bidiyo a rana. Idan ta yi zafi cire mata riga ka ajiye a inuwa, ba a firji ba. Ni dai a wurina damina ta fi, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya wanke iska, gajimare ya taru, fadama ta yi shar. Sai dai idan ka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje mai laima, gilashin kyamara kan yi gumi, ka ba shi minti goma ya bushe da kansa.

Mataki na uku: ƙura

Kafin kowane hoto mai muhimmanci, goge idon kyamarar. Rabin hotunan da ake cewa sun yi hazo, maiƙon yatsa ne da ƙura suka haɗu a kan gilashin. Amma fa ka fara hurewa kafin ka goge, domin ƙurar nan yashi ce mai laushi, idan ka murza ta da bakin riga tana karce gilashi.

Mai kyamarar da ake sauya wa gilashi, wannan nasihar taka ce, kuma da tsada na saye ta. Wata safiya a cikin Janairu ina tsakiyar Kara, shanu na ta tayar da ƙura, na tsaya na cire dogon gilashi na sa gajere. Bai fi daƙiƙa goma ba. Da na dawo gida na buɗe hotunan, kowane ɗaya da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sararin sama, a wuri ɗaya ba sa gusawa, ƙura ta zauna a kan farantin da ke karɓar haske. Kwana uku na yi ina cire su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, a cikin mota nake sauya gilashi, tagogi a rufe, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. Idan za ka hau kabu-kabu kuwa, kyamara ta shiga leda, leda ta shiga jaka.

Mataki na huɗu: farar riga da baƙar fata

Nan ne kyamara ta fi rikicewa a ƙasarmu. Mutanenmu na son fararen kaya, fatarmu kuma tana da duhu, ita kuwa kyamara ba ta iya ɗaukar fari sosai da duhu sosai a lokaci guda kamar yadda idonka ke yi. Dole ta sadaukar da ɗaya.

Abin yi shi ne ka rage mata tazarar. Ka janye mutumin daga rana ka kai shi bakin inuwa, ƙofar zaure ko gindin dogon yaro, ya fuskanci waje inda haske yake. Kada ka sa shi a inuwar bishiya mai huji-huji, fuskarsa za ta yi dabbare-dabbare. Sai ka taɓa fuskarsa a kan allo, wani ɗan akwati zai fito da alamar rana a gefe. Ja alamar ƙasa kaɗan-kaɗan kana kallon rigar, da zarar aikin wuyan ya bayyana ka tsaya. Fuskar za ta ɗan yi duhu, kada ka damu, ana iya ɗago duhu daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. A babbar kyamara wannan shi ne rage haske da -0.3 ko -0.7. Idan akwai farin bango kusa, tsayar da mutumin ta yadda bangon zai maido masa haske a fuska. Farin mayafi ko hiramin da wani ya riƙe a gefe ma yana yin wannan aikin.

Idan dole ta sa sai a rana, kunna HDR, wato saitin da ke taimaka wa kyamara ta kama wuri mai haske da mai duhu a hoto ɗaya, kuma ka sa ranar ta kasance a gefe, ba a bayan mutumin ba, ba kuma cikin idonsa ba. Filashar waya ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da ranar Sakkwato, ta babbar kyamara ce ke iya cike inuwar fuska idan ba ka wuce taku uku ko huɗu ba.

Mataki na biyar: tsara abin da zai shiga hoton

Layukan da ka kunna a gida, yanzu za su yi amfani. Ka ɗora mutum ko hasumiya a kan ɗaya daga cikin layukan tsaye biyu maimakon tsakiya, ka daidaita bakin gulbi ko gindin bango da layin kwance don kada hoton ya karkace. Kafin ka danna, zagaya idonka kusurwa huɗu. Sandar lantarki da ta tsiro daga kan mutum, baƙar leda a ƙasa, rabin babur a gefe, duk taku ɗaya dama ko hagu ke kawar da su.

Kada ka zuƙo da yatsu biyu. Yanke hoton kawai waya ke yi ta buɗa shi, ya fito dishi-dishi. Idan wayarka na da maɓallin 2x ko 3x na ido na daban, yi amfani da shi, in babu, ƙafarka ita ce zuƙowa.

Kuma kada ka tsaya kan hoton "ga ni a gaban wuri kaza". A kowane wuri ka nemi uku: na nesa mai nuna wurin duka, na tsakiya mai nuna mutane na harkarsu, da na kusa ƙwarai. Na kusan nan shi baƙi suke mantawa, shi ne kuma ya fi daɗewa a rai. Hannun baduku da basilla a cikin jar fata, irin fatar jan akuyar nan da tun zamanin ayari ake kaiwa arewacin Afirka har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Tsibin albasa da rana ta haska ɓawonta. Ludayi a cikin ƙwaryar fura. Ka durƙusa, ka sauko daidai da abin, hoton da aka ɗauka daga tsaye kowa na da irinsa.

Mataki na shida: sallama kafin kyamara

Sakkwato ba wurin kallo ba ne kawai, gari ne na malamai da kunya da girmama manya. Wanda ya ɗaga waya a fuskar mutane ba sallama, ko bai ji magana ba ya bar baƙin suna ga duk mai kyamarar da zai zo bayansa. Ni abin yana min ciwo, domin na san wuraren da a da ake marhabin da mu, yanzu da an ga waya sai a juya baya.

Wata rana na shiga wata shiya a cikin tsohon gari na tarar da wani dattijo yana ɗinkin layu a ƙofar zaure. Na bar kyamara a jaka, na yi sallama, na tsuguna muka gaisa, na tambayi aiki, na sayi ɗan zabira guda. Sai da muka yi kusan minti ashirin sannan na ce, "Baba, wanga aiki naka ya burge ni, ko ka lamunce in ɗauki hotonai?" Ya dube ni ya ce, "Mi za ka yi da shi, ɗana?" Na gaya masa gaskiya, cewa zan sa a intanet mutane su gani. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To ɗauki aikin da hannuwa, amma ban da huskata." Haka na yi, na nuna masa a allo, ya kira jikansa ya zo ya gani. Har yau hoton hannuwan nan yana cikin waɗanda na fi so.

Tsarin ke nan: gaisuwa, hira, faɗin abin da za ka yi da hoton, sannan izini. Idan an ce a'a, ka yi godiya ka wuce, kada ka saci ɗauka daga nesa. Mata kada ka ɗauke su sai da yardarsu a fili, kuma ya fi sauƙi idan mace ce ke riƙe da kyamarar. Yara sai da izinin iyaye ko malaminsu, kuma don Allah a daina ɗaukar almajirai da mabarata cikin halin da ba za ka so a nuna ɗanka ba. A kasuwa, sayen ɗan abu ya fi miƙa kuɗin hoto mutunci.

Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, wurin ziyara ne da addu'a. Ka cire takalmi, ka sassauta murya, ka tambayi masu kula da wurin inda aka yarda a ɗauka da inda ba a yarda ba, ka tsaya a kan abin da suka ce. Haka in ka je Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. A fada, dogarai su ne za ka tambaya. A masallaci kada ka ratsa sahu ko ka haska filasha ana salla.

Akwai kuma inda ba a tambaya ma, bari ake yi: shingen jami'an tsaro, bariki, ofishin 'yan sanda, cikin filin jirgi, da bakin iyaka idan ka je kasuwar Illela. Jirgi maras matuƙi kuwa sai da izinin hukuma ake tayar da shi a Nijeriya. Kafin ka fita ƙauyuka, musamman ta gabashin jihar, ka tambayi mai masaukinka halin da hanya take ciki a wannan makon, ka ɗauki ɗan gari, ka dawo da sauran rana. Babu hoton da ya kai ranka.

Mataki na bakwai: abin da ke gudu, da dare

Idan ka dace da Sallah, ka je da wuri ka kama wuri a hanyar da za a bi daga Fakon Idi zuwa fada, rana a bayanka ko a gefenka. A yawancin wayoyi idan ka danne maɓallin ɗauka ko ka ja shi, zai yi ta ɗauka a jere, daga baya ka zaɓi wanda ƙafar doki da rigar mahayi suka fi tsari. Mai kyamara ya sa saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa ga dokin da ke sukuwa, 1/500 ga mai tafiya, ISO kuwa, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, 200 zuwa 400 ya isa da safe. Kada ka bi doki da ƙafa, ka tsaya shi zai zo maka.

Da dare, wurin mai tsire ko mai shayi, kashe filasha. Hasken wuta da na ƙwan fitilarsa sun fi kyau. Kunna yanayin dare, jingina gwiwar hannu a kan benci ko bango, ka riƙe numfashi na daƙiƙa biyu ko uku har ta gama.

Mataki na takwas: kowane dare a masauki

Kada ka bari sai ka koma gida. Kafin ka kwanta, kwafe hotunan yinin zuwa wuri na biyu, kwamfuta ko filas ko Google Photos, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta a haɗe da Gmail. Share waɗanda suka girgiza da masu maimaici tun kana tuna su. Rubuta sunan wuri da na sana'ar da ka ɗauka a wani ɗan littafi, bayan wata biyu za ka manta wace kasuwa ce wace.

Gyara kuma a yi shi da sauƙin hannu. A manhajar gyaran hoto kamar Snapseed ko Lightroom, miƙe hoton, rage farin da ya yi yawa, ɗago duhun fuska, ƙara ɗan kaifi idan na hazo ne. Kada ka cika launi har jar ƙasarmu ta koma ruwan lemo, kuma kada ka haskaka fatar mutum ta bar yadda Allah ya yi ta. Hoton da ka ɗauka a cikin gidan mutane, cire masa bayanin wurin da waya ke liƙawa kafin ka sa a intanet, ko ka kashe saitin tun kafin ɗauka.

Wajen aikawa, WhatsApp na matse hoto ya rage masa inganci. Danna alamar HD, ko mafi kyau ka aika shi a matsayin dokumen, ya isa yadda yake. Wanda ya ba ka izini kuma ka karɓi lambar ɗansa ko jikansa ka tura masa. Idan ba su da babbar waya, akwai shagunan wanke hoto a cikin gari, ka wanke guda ɗaya ka kai masa da hannunka kafin ka kama hanya. Dattijon nan mai layu, da na kai masa nasa washegari, sai ya sa hannu ya soke shi a jikin azarar zauren, saman inda yake zama.